Talotalon Baturiya

Da hantsin wata Laraba a shekarar 1965, ana dab da hawan Arfa, ina tsugune a ƙofar gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka ina surfa wake, sai ga Baba ya hauro tudu da sababbin alhazai daga Kano, kowa da akwatin ƙarfe a ka. Lokacin aikin Hajji mukan koma kan soro da kwana mu bar wa baƙi ɗakuna, da abin da aka samu gidan ke ci har shekara ta zagayo. Kakata, wadda muke kira Sitti kamar sauran yaran Makka, tana bakin murhu tana suyar ƙosan da nake kai mata talla titin Mansur. Wani tsoho mai ɗan ƙusumbi ya yi sallama da wata siririyar murya kamar usur. Sitti ta saki cokali cikin mai, ta ɗago kai ta ce, "Garba Kuku!" Ƙosan ranar duk ya ƙone.

Babu yaron gidanmu da bai san wannan suna ba. Zamanin yaƙin Hitila, mijinta yana soja a ƙasar Bama, Sitti tana renon 'ya'yan wani Bature a Kano, Garba kuwa shi ne mai dafa musu abinci. Mun sha jin labarin gidan nan muna tsince shinkafa: yadda ake wa kare wanka da sabulu, yadda ake kaɗa ƙararrawa kafin a ci abinci kamar makaranta, da yadda Bature ke shaƙe wuyansa da ƙyalle a tsakiyar bazara don kawai zai ci dankali shi da matarsa. Yaƙi ya hana kayan gwangwani zuwa, sai Baturiyar ta kiwata talotalo guda don Kirsimeti, tana lallaɓa shi fiye da 'ya'yanta. Wata safiya aka wayi gari babu shi. Garba ya rantse ya ga Sitti ta fita da wani abu a ƙarƙashin mayafi. Aka kawo ɗan sanda ya watsar da kayan ɗakinta, aka kore ta a gaban kowa, har ƙanwarta ta daina gaishe ta. Mijin bai dawo daga Bama ba. Ta kama hannun Baba ta yo gabas, ta ratso Chadi, ta yi tsintar auduga a Sudan, har Allah ya kawo ta Makka.

Mu yara wasa muka mai da abin. In mun gama ɗebo ruwa daga famfon unguwa, yayana Sani ya shafa toka a fuska ya zama Bature, ni in zama Madam da takalman Baba, autanmu kuma dole shi ne Kuku, don a ƙarshe Kuku ake tarar wa da duka. Yanzu ga na gaske a tsakar gidanmu yana neman buta.

Baba ya ja Sitti gefe, gumi na zubo masa. "Inna, don Allah. Baƙon Allah ne, kuma in kika yi masa tijara babu mai sake sauka a gidan nan." Ta ce, "Ni da zagi, a garin Allah? Abinci kawai zan ba shi."

Da azahar sauran alhazai suka zauna a tabarma, aka dire musu tuwon shinkafa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Garba kuwa aka kifa masa akwati a matsayin tebur, aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka ɗora dankali guda dafaffe ba gishiri, da ganyen salak, da wani ruwan zafi da Sitti ta ce sunansa miya. Ni aka ba ƙararrawar wuyan akuyarmu, na kaɗa. Sitti ta rusuna ta ce, "Babban kuku na gidan Turawa ai ba a ba shi tuwo, ciki ba zai karɓa ba." Alhazai suka yi ta yaba wannan karramawa. Tsohon ya dubi tuwo, ya dubi dankali, ya ce ya gode. Haka aka yi safe da rana, kullum. In ya lallaɓa zai sa hannu a kwanon wani, sai a ce, "A'a Alhaji, naka na musamman yana tafe."

Safiyar da za a fita Mina, kowa ya ɗaura harami, sai Garba ya miƙe a tsakar gida. Ya ce ba zai tsaya a Arfa da wannan kaya ba. Talotalon shi ya yanka, shi da maigadi suka cinye, baiwar Allahn nan ko gashinsa ba ta taɓa ba. Sitti ta dubi alhazan ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Kun ji. In kun koma ku faɗa a unguwarmu." Sannan ta juya gare shi. "Ya yi daɗi dai?" Ya ce, "Wallahi Hajiya, tauri kamar fata. Wannan giɓin nawa a kansa na samo." Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka. Da ta share ido ta ce ta yafe, ta zuba masa ɗumamen tuwo da hannunta. Ban taɓa ganin tsoho ya suɗe kwano haka ba.

Da Hajji ya zagayo, wata hajiya ta iso da ƙullin daddawa da gaisuwa daga ƙanwar Sitti, ta farko tun barinta gida. Sitti ta daɗe tana shinshinar ƙullin ba ta kwance shi ba.

Yau alhazai a dogayen otal suke sauka, abinci ya zo musu a leda, ba su san hannun da ya dafa ba. Jikokina Larabci ya fi musu sauƙi, in na ba su labarin sai na fassara, su yi murmushi don ladabi. Na rasa waɗanda za mu yi dariyar tare.