Ni na Ce Mata Ta Warke

Shekarar da na ajiye alli, bayan na ƙare ƙuruciyata wajen koyar da 'ya'yan mutane a firamaren Sakajiki, sai na wayi gari da aiki ɗaya tak, wato zuwa gaisuwar mutuwa. Mai fansho ba shi da uzuri. In an yi rasuwa a nan Kaura ina sahun gaba, in a Shinkafi ne in hau mota, in a Zurmi ne ma haka. Har matata ta ce da zaman makoki sarauta ne, da tuni an naɗa mini rawani.

A kan tabarmin nan ne na lura mutuwa ta sake hanya. Muna yara, ƙyanda muka sani, da sanƙarau in zafi ya tsananta, da amai da gudawa in ruwa ya sauka, kuma yawanci ƙananan likkafani ake ɗinkawa. Waɗannan ba su tafi duka ba, amma waɗanda nake zuwa wa gaisuwa yanzu manya ne da ƙarfinsu. Direba ya dawo daga cin kasuwar Shinkafi, ya ce ƙeyarsa na sarawa, kafin magariba babu shi. Dillalin hatsi ya tsuguna alwala bai tashi ba. Wani manomi daga Badarawa suga ya ci masa ƙafa, aka yanke, bai shekara ba ya bi ta. A rediyo ina jin ana cewa ba mu kaɗai ba ne, duk ƙasar haka abin yake, hawan jini da suga da ciwon ƙoda suna ɗibar mutane fiye da yadda aka saba. A kan tabarma kuwa magana ɗaya ce: iska ta buge shi, ko kuma jifa aka yi masa. Ni da na yi boko sai in taɓe baki, in gyara zaman tabarau, don a san akwai mai ilmi a wurin.

Ana cikin haka 'yata da ke aure a Gusau ta aiko mini da abin awon jini, irin mai batir, wanda ake naɗa wa mutum a dantse ya matse ya saki, lambobi su fito. Ta kira ni a waya ta ce, "Baba, don kanka na saya, ba don gari ba." Ta san mahaifinta. Tumbina ya riga ni shiga ɗaki, shayina sai cokali ya kusa tsayawa a ciki don sukari, mai balangu kuwa in ya hango ni kitse yake fara warewa.

Na ce mata to. Na karanta takardar cikin kwalin, rabin da na gane, na zuba abin a tsohuwar jakar darasina na nufi majalisarmu ta bakin tasha. Cikin wata guda na auna direbobi, na auna masu kayan gwari, na auna mai balangun kansa, na auna limaminmu har sau biyu. Aka laƙaba mini Likita. Da farko tsokana ce, daga baya na fara amsawa, ƙarshe ma in an kira ni Malam sai in ji kamar an rage mini girma. Dantse ɗaya ne abin bai taɓa hawa ba a duk faɗin Kaura, shi ne nawa. In aka ce in gwada, sai in ce batir ya yi sanyi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Gaskiyar magana tsoro nake ji, ba na son ganin abin da zai fito.

Ina da yaya a Gurbin Bore. Ita ta goye ni bayan mahaifiyarmu ta rasu, ita ta riƙa jiƙa mini gari in tafi da shi makaranta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta na fari da iyalinsa, tana kiwon awaki tana yin daddawa. Ba ta yarda da asibiti ba, amma ta yarda da ni. Tun da aka sa ni boko, duk takardar da ta shigo gidanta sai ta ajiye ta a ƙarƙashin kwano har in zo, kuma abin da na ce shi ne ke cikinta.

Wani zuwa da na yi, na tarar ta ɗaure kai da tsumma, ta ce ciwon kai ne da jiri, sun kai wata suna damunta. Na fito da kayan aiki. Lambar da ta fito ta wuce inda takardar ta ja jan layi. Na sake, na kuma sakewa, ba ta sauko ba. Washegari na sa ta a mota muka zo asibiti a Kaura, tana mita tun daga ƙofar gida har bakin layi.

Malamar asibitin mace ce mai haƙuri. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce a rage gishiri da kanwa da dunƙule, ta ci gaba da bayani mai tsawo. Ni kuwa na tsaya a kan Yaya ina ta gyaɗa kai ina cewa na sani, na sani, don malamar ta gane da ɗan'uwanta a sana'a take magana. Wanda ya shagala da nuna ya sani ba ya jin abin da ake faɗa. Daga baya, da na zauna na tuna, na tabbata ta ce kada a daina sha ko an ji sauƙi. Ta faɗa, kunnena ne yake wajen yabon kaina.

Bayan wata biyu na koma, an gama yankan gero. Tun daga zaure na ji sautin taɓarya, ashe Yaya ce ke sussuka da kanta. Ba tsumma a kai, ba jiri. Na auna ta, lamba ta fito tsaf kamar ta budurwa. Sai ta zauna ta yi mini ƙorafi. Ta ce zuwa Kaura duk wata wahala ne, hanyar nan ba kullum ake bin ta da kwanciyar rai ba, ga ƙwaya kullum kamar ibada. Ta tambaye ni sai yaushe.

Na gyara zaman tabarau irin na manyan likitoci. Na duba duk maganin da na sani a rayuwata. Na zazzaɓi kwana uku ne. Na tsutsar ciki sau ɗaya ne. Jiƙon sabara ma in ciki ya lafa zubarwa ake yi. Ban taɓa ganin maganin da ba shi da ƙarshe ba, ga kuma lamba a gabana tana ba da shaida. Na naɗe abin awona, na ce, "Yaya, kin warke. Ki huta da ƙwayar nan."

Ta yi hamdala. Kafin in bar garin ta aika wa maƙwabciyarta da sauran ƙwayoyin, don ita ma tana ciwon kai, kuma a wurinmu abin da ya yi maka rana ba ka ɓoye wa maƙwabci. Ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta sa kanwa da daddawa da gishiri yadda ta yi kewarsu, ta malala man shanu. Na ci malmala biyu. Da na dawo majalisa na ba da labarin yadda na warkar da hawan jini cikin wata biyu, har da ƙarin gishiri a labarin ma.

Ba a yi wata huɗu ba ɗanta ya kira ni da hantsi. Ta fita ba awaki dusa ta faɗi a bakin turke. Da aka ɗaga ta, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace.

A asibiti malamar nan muka tarar. Ta duba katin, ta ga watannin da ba a zo ba, ta tambaya wa ya ce a daina maganin. Ɗan Yaya bai sani ba. Yaya ta sani, kuma duk da harshenta ya yi nauyi tana iya nuni da ido, amma sai ta juya fuska ga bango. Likitan bakin tasha kuwa ya duƙufa yana nazarin takalmansa. Malamar ta ce lafiyar da muka gani ƙwayar ce ke riƙe da ita, kamar dutsen da ake sa wa tayar mota a gangare. Motar tana tsaye, amma ba don gangaren ya tafi ba. Wannan bayani ko ɗan aji uku na Sakajiki zai gane shi, ni ne dai ban tsaya na ji ba.

A Gurbin Bore aka ce iska ce ta buge ta a bakin turke. A karon nan ban taɓe baki ba. In faɗi gaskiya, har daɗi na ji da aljanu suka ɗauke mini kayan, kuma kunyar wannan jin daɗin tana nan tare da ni har yau. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha rubuta wa yara shi a allo.

Da aka sallame ta na kawo ta gidana, don ta fi kusa da asibiti. Na yi kwanaki ina kewaya maganar. Wata rana bayan la'asar, ba kowa a tsakar gida, na zauna a gefen tabarmarta na ce ta yafe mini, ni na jawo. Ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin su fito.

"Auta, kai kac ce na warke. Ni ko ban taɓa jin ka yi man ƙarya ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ina share ido da hannun riga ta ce in ɗauko abin awon. Na ɗauko, na kama dantsenta, sai ta janye, ta damƙi nawa da hannun hagu.

"Naka."

Na fara zancen batir. Ta ce, "Lahiya lau yake, da sahe ka auna ni." Haka na naɗa wa kaina, abin ya matse ya saki. Lambar da ta fito ta ɗara wadda na gani a dantsenta ranar farko. Yaya ba ta iya karatu ba, fuskata ta karanta, ta yi dariya da rabin bakin da ya rage mata.

Yanzu kwalin magani biyu ne a kan tagar ɗakinta, nata da nawa. Na daina zuwa majalisa da jaka. Kowace safiya ba ta haɗiyar tata ƙwayar sai ta ga maƙogwarona ya motsa, wani lokaci har sai na buɗe baki ta duba. In tsokanar ta motsa mata sai ta ce, "Likita, yaushe za mu warkewa?" In ce mata babu rana, sha za mu yi ta yi. Sannan ta jefa ƙwayar da hagu, ni in kai mata kofin ruwa baki, don hannun daman da ta goye ni da shi yana nan kwance a kan cinyarta, bai sake ɗagawa ba.