Baƙuwa Mai Ƙamshin Bandar Kifi

Rut mai buga tafireta ba ta san sunan matar ba. An dai ce daga Dutse aka turo ta, ta yi wa ma'aikata bita kan mutunta mata a wurin aiki. Gajeruwa ce kakkaura, tabarau ɗaure da zare, takalmi duk laka. Jakarta sai ƙamshin bandar kifi take yi, da alama ta biya ta kasuwar Haɗeja.

Ba ta zama a kujera. Tsakanin bencuna take yawo, tana dariya da dukan jikinta. In ta tsaya sauraro, yatsunta na ƙwanƙwasa tebur kamar masu neman haruffa. Rut na ayyanawa a ranta: wannan ma ta taɓa zaman tafireta, ta san ciwon.

Da ta zo kan masu yi wa mata wasan banza a ofis, sai Malam Auta, akawun da kullum ke kiran Rut "amaryata" yana kama mata hannu, ya miƙe.

"Hajiya, ai wasan jika ne kawai."

Matar ta sauke tabarau, ta dube shi sama da ƙasa.

"Madalla, Malam. Uban wacce ka haifa a cikinsu?"

Kowa ya tuntsire da dariya, har da shi.

"Kai wa jikokinka na gida wasan," in ji ta. "Na nan, kira su da sunansu."

Ana fitowa, Malam Auta ya sosa ƙeya, hannu ɗaya a aljihu.

"Sannu, Malama Rut."

Ashe ya san sunan.