Motar da Suka So Ƙonawa a Hanyar Kwoi

Na wuce shekara arba'in kafin in taɓa sitiyari. Ni malamar firamare ce a Kafanchan, maigidana kuma yana koyarwa a Gidan Waya. Shi ya sayi motar, ƙarama ce mai ruwan toka, ta riga ta sha hannu kafin ta iso gare mu. Ranar Asabar da yamma yakan kai ni filin makarantarmu ya koya mini, kuma babu abin da ya taɓa haɗa mu faɗa a zaman aurenmu kamar kuloci. Shi mutum ne mai sanyin magana, amma da zarar motar ta yi tsalle ta mutu a hannuna sai ya manta da sanyin. Sau da yawa na fita na bar masa motarsa na tako gida da ƙafa.

Duk da haka na iya. Ban daɗe ba na zama direbar zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Gaisuwar mutuwa, biki, ziyarar mara lafiya, duk ni ce. Mata su cika baya har da goyo, suna waƙa, motar tana nishi a kan tudu. Na koyi zuba ruwa a lagireto da safe, na san ramukan hanyoyinmu kamar yadda na san yaran ajina, na kuma san ƙarar da ke nufin a je wurin makaniki da wadda za a iya kyalewa zuwa ƙarshen wata.

Abin ya faru ne da damina, wata Asabar. Mun je gaishe da gwaggon maigidana a wani ƙauye bayan Kwoi, ta kwanta ciwon ƙafa. Mutanen gidan suka cika mana but ɗin mota da ɗanyar masara da gyaɗa. Maigidana ya ci tuwon acca ya ƙoshi, da muka fito sai ya miƙo mini makulli.

"Maman yara, ke za ki mai da mu. Idona ya yi nauyi."

An yi ruwa da rana ya ɗauke, hanya a jiƙe take, ramuka sun cika. Tsakanin Kwoi da Kafanchan akwai wani ƙauye da kasuwarsa ke ci a bakin titi, kuma ran nan tana ci. Na rage gudu tun daga nesa. A ɗaya hannun an ajiye wata babbar mota ana loda mata itace, ta tare rabin hanya. Ina daf da wuce ta sai wani ɗan acaba ya ɓullo daga bayanta da buhunan taki ɗaure a mashin. Ya kauce wa rami, ya faɗo hannuna.

Na taka birki da duk ƙarfina. Motar ta zame a kan jiƙaƙƙen titi kamar ban taka komai ba. Na ga fuskarsa sarai, saurayi ne, bakinsa a buɗe. Sai ƙarar ƙarfe. Ya hau kan bonet, kansa ya daki gilashi, ya mirgina ya faɗi gefe. Mashin ɗin ya shige ƙarƙashin bamba, buhu ya fashe, taki ya watsu fari a kan titi.

Duk mai mota a ƙasar nan ya sha jin shawarar cewa idan ka buge mutum kada ka tsaya, ka wuce ofishin 'yan sanda. Ni ma na ji ta. Amma mashin yana maƙale a ƙarƙashin motar, babu halin tafiya.

Maigidana ya riga ya farka. Ya ce, "Ki zauna a ciki, ki kulle ƙofa." Ya fita ya nufi wurin yaron.

Bai kai gare shi ba kasuwa ta watse ta yo kanmu. Na fara jin ihun mata, sai gudun maza. Dutse na farko ya fasa gilashin gefena, ɓarɓashin ya zubo mini a cinya. Wani hannu ya shigo ya buɗe ƙofar daga ciki, aka fizgo ni waje ta wuyan riga. Ɗankwalina ya faɗi cikin taɓo. Wani ya mare ni har na ga wuta, wani ya ƙara. Suna magana da yarensu wanda ba na ji, amma Hausar da ke faɗowa a tsakani ta ishe ni.

"Ya kashe shi. Matan nan ya kashe shi."

Maigidana ya kutso ya shiga tsakanina da su, hannuwansa a sama. Ya ce, "Ni ne mai motar. Don Allah ku bar ta, ku yi magana da ni. Mu ɗauki yaron tukuna."

Akwai wani ƙato a cikinsu sanye da jar rigar ƙwallo. Daga baya na san yayan yaron ne. Bai yi ihu kamar sauran ba. Ya juya ya nufi wata rumfa, ya ɓalle katako daga jikin teburi, ya dawo. Na ga lokacin da ya ɗaga shi, na buɗe baki, amma kafin murya ta fito ya sauke shi a gefen kan maigidana na hagu. Tabaransa ya tashi sama. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa yana dafe da kunne, jini yana bin yatsunsa. Ƙaton ya sake bugunsa a haƙarƙari, ya kife.

Daga nan kowa ya sami ƙafa. Suna shurinsa a ciki, a baya, a fuska. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa ɗalibi bulala ba, yana kwance cikin taɓo ya dunƙule kamar jariri. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina. Duka ya dawo bayana. Wani ya taka mini yatsu da takalmin roba mai kauri, na ji ƙashin ƙaramar ya karye. Ina ta kiran sunan Yesu, ina cewa mu malamai ne, mu 'yan Kafanchan ne, kamar hakan zai hana wani abu.

Sai na ji warin fetur. Na ɗaga kai na ga wani da galan na masu sayar da mai a bakin titi, yana kwarara shi a kan bonet da rufin motar. Wasu sun fasa fitilu, wasu sun buɗe but suna watsar da masarar gwaggo. Ana ta tambayar wa ke da ashana. Mu kuwa muna kwance kusa da tayar gaba, fetur yana gangarowa yana haɗuwa da ruwan da muke ciki.

Duk wannan lokacin mutum ɗaya ce kawai ke wurin yaron. Wata tsohuwa ce mai sayar da kunu, mahaifiyarsa. Ta ɗaure masa cinya da zaninta na sama, ta yi ta kira babu mai jin ta. Da ta ga an kawo ashana sai ta taso da hannuwa jina-jina, ta ture mutane, ta haye kan bonet ɗin da ke jiƙe da fetur ta zauna.

Ta ce, "To ku kunna. Ku kunna da ni a kai."

Mai ashanar ya tsaya.

"Yarona yana numfashi. Idan kun ƙone motan, da me za ku kai shi asibiti? A kan mashin, da ƙafa a karye?" Ta juya ga ƙaton ta yi masa magana da yarensu, gajeriya, mai kaifi. Ya yar da katakon.

Direban babbar motar ya riga ya gudu da motarsa tun da aka fara. Babu wata mota a kasuwar sai tamu, babu kuma wanda ya iya tuƙi a cikin masu dukan. Suka ja mashin ɗin daga ƙarƙashi, suka kinkimo yaron suka shimfiɗe shi a kujerar baya. Na ga ƙafarsa, ƙashi ya huda wando ya fito. Ƙaton ya zo ya tsaya a kaina.

"Madam, tashi ki tuƙa."

Na ce, "Ba inda za ni sai an sa mijina a ciki."

Ya dube ni, ya dubi uwarsa. Shi da kansa ya sunkuya ya ɗaga maigidana ta hammata, ya zaunar da shi a kujerar gaba. Gilashin gaba ya tsattsage ba a ganin komai, sai wani ya ɗauki katakon nan ya ƙarasa fasa shi. Mata suka watsa bokitan ruwa a kan bonet. Na zauna a kan ɓarɓashin gilashi, na murɗa makulli da hannun da ya rage mini lafiya, ina jiran wuta ta tashi. Motar ta kama.

Ban taɓa yin tuƙi irin wannan ba. Ruwa ya sake saukowa, yana dukan fuskata kai tsaye, ina lumshe ido ina buɗewa. Yatsata ta kumbura, duk sa giya sai na ciji leɓe. A gefena maigidana ya jingina da ƙofa, jini yana fita ta kunnensa, ya yi amai a kan rigarsa. Ina kiransa, "Baban yara, kana ji na?" Ba ya amsawa, sai dai ya ɗaga yatsa. A baya tsohuwar ta rungume kan ɗanta tana rera wata waƙar sujada a hankali, ƙaton kuma yana riƙe da karyayyar ƙafar. Duk ramin da na faɗa sai yaron ya yi ƙara.

"Ki yi gudu mana," in ji ƙaton. "Ki yi gudu, zai mutu."

Na dube shi ta madubi. Na ce, "Idan ka sake buɗe baki zan tsaya a nan, ka ɗauke shi a kafaɗa."



Lagireto ya fashe a karon, allurar zafi tana ta hawa. Muna shiga Kafanchan hayaƙi ya fara fita, mutane a bakin hanya suna nuna mu. A ƙofar asibiti injin ya mutu. Ƙaton ya fita ya tura mu har gaban ɗakin karɓar masu haɗari, ni ina riƙe da sitiyari. Da ma'aikata suka kwashe su biyun, na ci gaba da zama a kujerar direba. Wata nas ce ta ɓamɓare hannuna daga sitiyarin.

Yaron ya rayu. An wuce da shi Jos aka sa masa ƙarfe a ƙafa, yanzu yana ɗingishi kuma ya bar acaba. Maigidana ya karye a haƙarƙari, ya rasa haƙora na gefe, kunnensa na hagu kuma ya mutu gaba ɗaya. Makonnin farko ko zama ya yi sai ɗaki ya riƙa juya masa. Motar ta daɗe a ofishin 'yan sanda ƙarƙashin wani mangwaro, ruwa yana shiga ta inda babu gilashi. Masu lodin itace sun ba da shaida cewa yaron ne ya shigo hannuna. Ban ji daɗin komai ba da aka faɗa mini.

Bayan an sallami maigidana, faston ƙauyen ya nemi namu faston, suka sa rana. Suka zo gidanmu da dattawa, da tsohuwar, da ƙaton. Ƙaton ya sa farar riga mai dogon hannu, ya ƙanƙance har na kusa kasa gane shi. Ya durƙusa a tsakar falonmu ya ce ya ɗauka ƙanensa ya mutu, idonsa ya rufe, bai san abin da hannunsa ya yi ba. Sai da aka maimaita wa maigidana ta kunnen dama. Sannan ya ce ya yafe, kuma ba ya son a kai maganar kotu.

Fastonmu ya juyo gare ni. "Mama, ke fa?"

Na ce, "Baba Fasto, na ji abin da ya faɗa. Amma ni na ga lokacin da ya je ya zaɓo katakon. Ban kai wurin yafewa ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a gabanku ba."

 Babu wanda ya matsa mini. Aka yi addu'a, suka tashi. Tsohuwar ce na raka har bakin ƙofa. Ta kawo mana ƙwaryar acca da citta, ta riƙe hannuna tana duban yatsar da ta warke a karkace. Ni da ita muka tsaya muna kuka, maza suna jira a waje.

'Yan'uwana sun ce mu sayar da motar. Maigidana ya ƙi, ni ma da na yi tunani na ƙi. Aka buga bonet, aka sa sabon gilashi da lagireto. Kujerun ni na wanke su da kaina, da omo da buroshi, na shanya su a rana, amma sai da muka canza yadin na baya. Likita ya hana maigidana tuƙi saboda jirin da ke kama shi ba zato, don haka motar ta dawo hannuna gaba ɗaya. Ranar da na fara fita da ita, wani ɗan acaba ya gifta ta gabana a kusa da tasha, na taka birki har na bayana ya kusa hawa kaina. Na gangara gefe na zauna sai da numfashina ya dawo.

Yanzu ni nake kai shi Gidan Waya da safe kafin in wuce makarantarmu. Kunnen da ya mutu shi ne ke fuskantata idan yana zaune a gefena, saboda haka yawancin hanyar shiru muke yi. Idan ina da magana sai in taɓa gwiwarsa, ya juyo da kansa gaba ɗaya ya ba ni na dama. Wani lokaci kafin ya gama juyowa na manta abin da zan ce, sai in tambaye shi me yake so a dafa da yamma.