Fadamar da Baba ya rasa a zaman makoki

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Garba, kuma har yau idan na bi hanyar Bukkuyum zuwa Gummi sai na kawar da kai daidai fadamar da ya gada.

Maƙwabcinsa Ɗan'ige ne ya yi ƙararsa a kanta, alƙali ya ba Ɗan'ige. Baba yana da dattawan da suka san iyakar, kowa ya ce ya ɗaukaka ƙara. Ana cikin shiri sai Allah ya yi wa mahaifiyar Ɗan'ige rasuwa. Baba ya ajiye maganar kotu, ya ɗauki buzunsa ya tafi zaman makoki. Da na matsa masa sai ya ce, "Ba ni aika ma mutum sammaci shina amsar gaisuwar innatai. Bari a yi arba'in."

Aka yi arba'in, muka kai takarda kotun sama. Ashe ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, namu ya cika tun muna kan tabarmar makoki. Wanda ya rubuta mana takardar kuma bai roƙi ƙarin lokaci ba, mu ma ba mu san ana roƙa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Aka kori ƙarar, ko sunan fadamar ba a ambata ba. Dattawan da muka kwaso suka koma da shaidarsu a baki.

Na yi fushi da Baba, fushi mai tsawo. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma namu na ga inda ya faɗi. Yau masu haƙar zinariya sun mayar da wurin ramuka, 'yan'uwa kuma suna maka juna a kotu tun ba a share makoki ba. Da Baba yana raye, na tabbata ramukan ba za su dame shi kamar wannan ba.

Ranar da ya rasu, Ɗan'ige ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Kullum da safe yana ƙofar gidanmu yana amsa gaisuwa tare da mu, har aka yi arba'in. Fadamar dai bai mayar ba. Ni kuma ban iya ce masa ya tashi ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.