Gaisuwar Mutuwa a Ƙofar Silima

A shekarar korona, bayan an sassauta kulle, ina karin kumallo a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi sai na ji wata talla a rediyo. Wai gidan silimar da ke cikin wani babban kantin zamani, ba nisa da mu, ya sake buɗewa, kuma daga Litinin zuwa Alhamis tikiti ɗaya mutum biyu zai shigar. Na yi dariya, na ce lallai kasuwa ta yi wa masu silima zafi.

Maiɗakina tana kwashe kwanuka. Ba ta ɗago ba ta ce, "Alhaji, wai me ke cikin silimar nan ne?"

Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, ban taɓa lura cewa ƙafarta ba ta taɓa taka silima ba. A Kanon da muka tashi, silima fili ne mai katanga babu rufi, wurin samari da hayaƙin taba, kuma ko yarinya ta bi ta ƙofarsa sai an kai ƙara gidansu. Ni kuwa aiki ya yi ta yawo da ni, duk garin da na sauka sai na leƙa silimarsu, don a nan nake gane halin mutane. A Indiya na ga ana fito ana tafi in jarumi ya bayyana. A Masar ana tsayar da fim a tsakiya a sayar da shayi. A Faransa shiru kamar ɗakin jarrabawa, na taɓa yin tari wata tsohuwa ta juyo ta harare ni. Duk na ba ta waɗannan labarai, ta saurara, ban taɓa tambayarta ko tana son gani da idonta ba.

Na ce, "Tashi mu je ki gani. Ai ke kyauta za ki shiga."

Ta ce, "Ka rufa mini asiri. In aka gan ni fa?"

Tsoronta yana da dalili. Tana da ciwon suga, don haka tun farkon annobar yaranmu suka kafa mata doka, ko zaure ba ta leƙawa. A cikin watannin nan da dattawan Kano suka yi ta rasuwa, mijin aminiyarta ya rasu a Darmanawa. Wannan aminiya ta girme ta, Yaya take ce mata, kuma shekara da shekaru benci ɗaya suke zama a Islamiyyar matan aure. Ta waya kawai ta yi mata gaisuwa, tana kuka tana cewa yara sun hana ta fita. Kowa ya san a wurinmu gaisuwar waya ba ta sauke nauyi, sai ƙafa ta taka gida. Har matar ta gama takaba maiɗakina ba ta je ba. To a ce fitarta ta farko silima ta nufa? In labari ya kai Darmanawa, da wane ido za ta dubi Yaya?

Kwana biyu tana juya maganar. Ranar Laraba da hantsi na same ta gaban madubi, ta sa wani hijabi ruwan toka da ban taɓa ganin ta da shi ba, ta ɗaura takunkumi har ƙarƙashin ido, ta ɗora tabarau.

"Wa ka gani?" in ji ta.

"Baƙuwa."

"To kai ma cire hular nan. Duk Tarauni an san ta."

Na sauya hula. Bayan azahar muka tsallake layi biyu kafin mu tare adaidaita, don kada mu faɗa hannun direban da ya san mu.

Ni kaina baƙo na zama a wurin. Silima da rana tsaka, ga rufi, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. A ƙofa wata ma'aikaciya ta auna mana zafin jiki da abin nan mai kama da ƙaramar bindiga, maiɗakina ta runtse ido tana salati. Aka matsa mana man tsabtace hannu. Mai sayar da tikiti ya dube mu ya ce, "Baba, kai da amarya ne?" Na ce masa amaryar ta girmi babarsa. Ta taka mini ƙafa.

A ciki an ɗaure kujeru da jan zare, biyu a sake, biyu a ɗaure, layi ɗaya da mutane, na bayansa babu kowa. Na tsaya ina lissafin yadda za su fita kuɗinsu da rabin ɗaki a rabin farashi, har na gane da na ga kowa rungume da gugguru da lemo. Ita kuwa girman allon ne ya ɗauke mata hankali. Da aka kashe fitilu ta kama hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba.

Fim ɗin na wasu 'yan'uwa biyu ne da gado ya raba. Na fi kallon ta fiye da allon. Ta ɗaga takunkumi ta ƙasa tana tura gugguru, tana yi wa ƙanin faɗa a hankali kamar yana jin ta. Na tuna samarin da a silimar dā suke ihu suna gaya wa jarumi ya waiga bayansa.

Can wajen ƙarshe aka nuna mutuwar uban yaran. Ɗaki ya yi tsit. Sai wata murya daga layi biyu a gabanmu ta ce, a fili, "Allahu akbar. Haka nawa ya tafi, ko sallama babu."

Hannun da ke riƙe da rigata ya saki. Ta raɗa mini, "Yaya ce."

"Anya?"

"Shekara nawa ina jin muryar nan tana biya karatu a kunnena? Tashi mu fita kafin a kunna wuta."

Muka lallaɓa a duƙe kamar ɓarayi. Mun fito farfajiya, ga ƙofar waje a gabanmu, babu wanda ya gane mu. Sai ta tsaya cak.

Na ce, "Hajiya, mu je mana. Mun tsira."

"Ba zan iya ba."

"Gobe sai mu je Darmanawa, ki yi gaisuwarki yadda ya kamata. Ba ta san kin zo nan ba."

"Ni ai na sani. In gan ta da idona, mijinta ya rasu, in wuce ta kamar ban gan ta ba? Gobe in je in zauna a ɗakinta ina cewa yau na fara fita?"

A ƙasashen da na zauna, in ka haɗu da wanda ka sani a inda bai so a gan shi ba, ladabi shi ne ka kau da kai. Na buɗe baki zan gaya mata haka, na ga ba ta ma kallona. Ta cire tabarau ta saka a jaka.

Da aka tashi, mutane suka fito jefi-jefi. Ga Yaya nan tana dogara sanda, babbar 'yarta tana riƙe da ita, ita ma Yayar ta rufe fuska ruf. Maiɗakina ta sauke takunkuminta, ta durƙusa a kan tayil ɗin nan mai sheƙi, kusa da inda ake sayar da gugguru.

"Yaya, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

Tsohuwar ta ja da baya. Ta dubi 'yarta, ta dube ni, ta dubi mai durƙuso. Ta amsa da amin. Sannan ta ce, "Ke! Ba ke ce yara suka hana fita ba?"

"Ni ce, Yaya. Ki yafe mini."

"To ni da na fita takaba shekaranjiya-shekaranjiya, me zan ce? Wannan ce ta ja ni, wai in daina zama ina kallon bango. Na ce mata in aka gan ni na shiga uku. Ta ce wa zai gane ki, Mama?" Ta nuna maiɗakina da sanda. "Ga wadda za ta gane ni nan, sarkin sa ido. Tashi, tashi, kada ki tara mana jama'a."

Suka riƙe hannun juna, an hana ko ba a hana ba, suna kuka suna dariya. Ma'aikaciyar ƙofa ta nufo su za ta yi maganar tazara, ta ji ana addu'a ga mamaci, sai ta tsaya ta shafa tare da mu.

Washegari muka je Darmanawa, aka yi gaisuwa a ɗaki kamar yadda aka saba. Ina zaune a zaure ina jiyo Yaya tana ba maiɗakina labarin ƙarshen fim ɗin da muka gudu muka bari.

Talatar da ta biyo baya na ga an fito da hijabi ruwan toka. Na miƙe ina neman hulata.

"Ina za ka, Alhaji?" in ji ta. "Mutum biyu suka ce, ba uku ba. Yaya tana jira na."