Tarin Gwaggo Mai Keke

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta yi shekara talatin da ɗaya tana ɗinki a shago ɗaya, wani tsukukun ɗaki tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da gawayi. Duk layin Mai Keke ake ce mata. Mace ce matsoraciya, ita ma ba ta musu. Ba ta hawa babur, ba ta taɓa wayar wuta, in kyankyaso ya fito daga cikin yadi sai ta haye benci tana kiran mai rediyo ya kawo ɗauki.

Shi ya sa muka sha mamaki da ta shiga ƙungiyar lafiya ta unguwa. An kafa ƙungiyar ne shekarar da tarin fuka ya kashe mutum biyar a layi biyu, har da mijinta. Aikinsu su bi gida gida, duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu su ba shi 'yar roba mai murfi ya tofa kaki a ciki, su kai ƙaramin asibiti a gwada. An sha banko mata ƙofa. Wani magidanci ya ce ƙafarta ba ta kawo alheri. Takan dawo shago ta sha ruwa, washegari ta sake rataya jakarta. Shekara huɗu tana haka.

Sai ita ma ta fara tari.

Da farko ta ce ƙurar gawayin maƙwabci ce, daga baya ta ce sanyin fanka. Ni nake biya mata da abincin rana in na taso daga makarantar da nake koyarwa, kuma na lura kwanon yana dawowa kusan yadda na kai shi. Wuyanta ya rame. Wata Talata tana ɗinka fararen rigunan 'yan makaranta, jikarta 'yar wata tara na goye a bayanta, tari ya turnuƙe ta. Da ya lafa, sai ga ɗigon jini uku a kan farin yadin.

Na ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

"Allura ce ta soke ni."

"Allura a baki?"

Ta miƙe ta tura ƙofar shagon, da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta kwance goyon ta miƙo mini.

"Riƙe ta can nesa. Ki rufa mini asiri, 'yar nan. In aka ji, wa zai sake kawo mini ɗinki? Wa zai tsaya in auna shi, numfashina a fuskarsa? Ni na yi jinyar mijina, na ga yadda ya ƙare. Da hannu ɗaya nake juya shi a gado."

Na ce robobin nan suna cikin jakarta, ta ɗauki ɗaya. Ta kalli jakar kamar akwai maciji a ciki. Kwana huɗu ba ta taɓa ta ba. Ta daina goya yarinyar, ta ware kofinta, tana ta wanke hannu har fatar ta yi fari, amma ta hana ni faɗa wa kowa, har 'yarta, uwar jaririyar.

Ran Asabar ƙungiya ta yi taronta na mako a wani ajin firamare. Na raka ta don kada ta faɗi a hanya. Ta zauna can baya kusa da taga, ta toshe baki da gefen mayafi. Shugaban ƙungiyar, wani tsohon direban tanka mai kakkausar murya, yana tsakiyar rarraba layuka sai tarin ya ƙwace mata. Ya daɗe bai tsaya ba. Matar da ke kusa da ita ta ɗan ja kujera.

Shugaba ya ajiye takardar hannunsa. "Mai Keke, mako nawa?"

"Biyar," ta ce, da kyar ake ji.

"Da a gidan wani kika ji wannan tarin, me za ki ce masa?"

Hawaye na zuba ta buɗe jakar, ta ciro roba ɗaya, murfin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin benci. Ba wanda ya motsa, sai shugaba da kansa ya durƙusa ya ɗauko mata.

Kwana biyu muka jira sakamako. Ba ta tambayi komai game da kanta ba, kullum maganarta ɗaya: "In na sa wa yarinyar nan, ina zan sa kaina?" Ran Litinin nas ta ce lallai tarin fuka ne, kuma a kawo duk mutanen gida. Da aka shiga da jaririyar, Gwaggo ta kasa zama, ta tsaya jikin bango a waje da takunkumi a fuska, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Yarinyar ba ta kamu ba, amma an ɗora ta a kan maganin kariya.

Wata shida Gwaggo tana shan ƙwayoyi. 'Yan ƙungiya suka raba kwanaki, kowace safiya ɗaya ya zo ya tsaya har ta haɗiye. Ƙwayoyin suna sa ta jiri, fitsarinta ya koma ja, ranar farko ta ɗauka jini ne ta ƙwalla ihu, sai da nas ta rantse mata aikin maganin ne. Abin da ta ji wa tsoro ma ya faru. Makarantar da take wa ɗinki ta kwashe rigunanta ta kai wani wuri, masu kawo ɗinki suka ragu sosai, mai rediyo ya yi wata biyu yana gaishe ta daga bakin kwata.

Ta warke, amma numfashinta bai dawo daidai ba. Ba ta iya taka keke na dogon lokaci, sai 'yan'uwanta suka haɗa hannu aka sa mata injin lantarki a jikinsa. A shekarar nan mutum goma sha bakwai suka zo shagon da ƙafarsu neman roba, yawancinsu da tsumma a hannu kamar faci suka kawo. Takan karɓi tsumman, ta naɗe robar a ciki, ta ce da ƙarfi don na waje su ji, "Gobe da safe ka dawo da shi, zaren kalarsa ya ƙare."