Shagon Gilashin da Ba Nawa Ba

Ina jera kankana a rumfata a kasuwar Zuba, sai ga wata Hajiya. Ta nuna min hoton wani shagon gilashi mai ɗauke da sunana a wayarta, ta dubi buhunan da na yi inuwa da su, ta ce, "Ashe ɗan damfara ne kai!" Ta juya.

Na kira mai kiran kansa ƙwararre da na ba tallan kayana a intanet.

"Shagon waye ka saka?"

"Oga, a intanet hoto ake saya, ba kankana ba."

Shekara goma ban taɓa ɓoye ruɓaɓɓen lemo a ƙasan kwando ba. Shi a sati ɗaya ya ɓata min suna.

Ni kaɗai irinsu suka yi wa haka?